Ranar da Na Koya wa Surukina Katako

Komai zan manta a zamana na Dubai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka Baban Rukayya sayen sif ba. Yanzu ma da nake rubutawa kunnuwana zafi suke yi.

A 2018 ne, ina aiki a wani ofishin kargo a unguwar Naif, Rukayya kuma, yarinyar da nake nema, tana Kano. An kai gaisuwar iyaye, an yi komai, amma mahaifinta ya ƙi tsayar da rana. Cewa yake mutumin da a waya kawai ake jin sa ba a gama saninsa ba tukuna. Sai ga shi zai dawo daga Umra, zai yada zango kwana biyu a Dubai. Gado da kujeru a gida za a yi su, amma yana so ya saya wa 'yarsa sif guda ɗaya na katakon walnat zalla, irin na da mai sassaƙa, wanda jikoki za su tarar. Ni kaɗai ya sani a garin, don haka ni ne ɗan rakiya.

"Ka kula fa," in ji Rukayya a waya. "Ba sif kaɗai Baba zai duba ba."

Na kuwa kula. Kwana uku ina cin abincin rana da waya a hannu, ina karanta yadda ake gane walnat. Na haddace cewa yana da nauyi, launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, kuma ana ƙwanƙwasa shi a ji sauti. (Wane sauti? Ban kai nan a karatun ba.) Rana ta huɗu na tashi ina jin ko a mafarki ba mai cutata a harkar katako.

Abin da na sani game da Baba shi ne yana sayar da kayan gini a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Da na je masaukinsa a unguwar Bur Dubai, tsallaken ruwa, na durƙusa na gaishe shi daga nesa, ban miƙa hannu ba, ban ɗaga ido ba, kamar yadda ake yi wa suruki. Haka muka wuni, idona na ƙasa. Kunyar duk a ido ta tsaya, ba ta sauko baki ba.

Muka shiga shagon wani dattijo ɗan Siriya a bayan Naif, Abu Samir, inda kaya suka cika har ba wurin juyawa. Nan take na hango wani sif mai sheƙi, ƙofofinsa biyu zanensu iri ɗaya sak kamar tagwaye. Na ƙwanƙwasa shi sau uku ina gyaɗa kai. Na sa kafaɗa na tura, ko motsi bai yi ba.

"Baba, wannan shi ne na gaske. Ji nauyi. Dubi yadda zanen ya yi daidai."

"To," ya ce.

Shi kuma ya tsaya gaban wani da ke lungu, wanda ba ya sheƙi, da wani farin layi a gefen ƙofa da ɗan ƙulli kamar ido. Na yi maza na tare shi, na ce wannan ai mai aibi ne, launinsa ma bai haɗu ba. Ya sake cewa "To." Da ina da hankali da a nan na yi shiru. Amma wannan "to" ɗin daɗi ta yi mini, na ɗauka mamakin ilimina ne ya hana shi magana. Sai na ƙara:

"Ai Baba, irin wannan aikin sai kafintocinmu na gida. Ba su san katako ba, ƙusa kawai suka sani da fenti."

Baba ya baro lungun. Ya cire hularsa ya miƙo mini, ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya zaro durowar ƙasan sif ɗina mai sheƙi gaba ɗaya, ya kifa ta. Ya shinshina. Ya sa farce a bakin katakon ya nuna mini wani ɗan falle siriri kamar ɓawon albasa, ƙarƙashinsa kuma dusar katako ce da aka matse da gam. Daga nan dattijon nan, da farar shaddarsa ta dawowa daga Umra, ya kwanta rigingine a ƙasan shago yana leƙa gindin wancan sif ɗin mai aibi, yana shafa mahaɗin katakon da yatsa.

A lokacin na ga hannunsa. Tafin duk kanta, manuniyar hagu kuma babu kan gaɓar farko.

Abu Samir ya taso daga kujerarsa yana murmushi. "Najjar?" ya tambaya. Larabcina na Naif ba shi da yawa, amma wannan kalmar na san ta, kafinta ke nan.

"Shekara talatin," in ji Baba daga ƙasa, da Hausa, yana nuna yatsu uku. "Ɗana, fassara masa. Ka ce kafintan gida ne."

Wallahi na fassara. Da bakina. Ina riƙe da hularsa da hannu biyu kamar mai jiran a zuba masa wani abu a ciki. A raina na gama sallama da Rukayya, har na fara tunanin wa zai karɓo mini akwatunan lefen da na aika.

Ban san abin da ya kai ni ba, sai na ga na ajiye hular a kan tebur na kwanta kusa da shi, da wandon ofis ɗina. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ban san komai ba, a waya na karanta. Nuna mini."

Ya yi dariya har cikinsa na rawa. Ya kama yatsana ya bi da shi kan katakon, yadda zanen sama yake gangarowa ta gefe bai yanke ba. Ya ce dusa da gam sun fi katako nauyi, shi ya sa sif ɗina ya ƙi motsi. Farin layin da na raina kuwa bayan itacen ne, kusa da ɓawo, kuma bishiya ba ta yin ƙofa biyu iri ɗaya sak. Abu Samir ya kawo mana shayi a nan ƙasa, suka shiga hira da hannu da ido, shi da Baba, ba wanda ya ƙara neman tafinta. "Khalas, habibi," ya ce mini da Larabci, wato shi ke nan abokina, yana dafa kafaɗata, "yau ka shiga makaranta."

Mai aibin Baba ya saya, ni na shirya shi a kwantena da hannuna. A kwale-kwalen da ya tsallaka da mu Bur Dubai, da muka kusa gaɓa sai Baba ya dube ni.

"Surutu kam kana da shi," ya ce. "Amma ka kwanta a ƙasa. Ka ce wa kawunka ya zo bayan Sallah a tsayar da rana."

Da na kira Rukayya ina mita me ya sa ba ta gaya mini Baba tsohon kafinta ne ba, cewa ta yi, "Ka tambaya ne?" Ta yi ta dariya har katin ya ƙare.

Sif ɗin yana ɗakinmu a Kano, ƙofarsa ko ƙara ba ta yi. Ina son tsohon nan har raina, duk da cewa duk taron da aka haɗu sai ya gabatar da ni da "Malamina na katako." Ni kuma na ɗauki darasi. Har yau ina sunkuyar da kai gaban manya, amma kafin in buɗe baki, sai na saci kallon hannun mutum tukuna.