Wilin Da Hukuma Ta Ce Bai Ɓata Ba

Jama'a, ku taya ni gode wa Allah, haƙorana suna nan cif, ko ɗaya bai zube ba. Wilin gaban baburina ne dai ya tafi. Ina kan hanyar zuwa aiki da safe, a titin nan da Mai Girma Sarkin Yankan Ƙyalle ya buɗe bara da kiɗa da tafi, sai na yi kiciɓis da wasu ramuka da aka haifa bayan jawabinsa. Na kauce wa uwar, na faɗa cikin 'yar. Da na miƙe ina kakkaɓe wando, sai na ga wilin ya lanƙwashe kamar farantin da mota ta taka. Ban ga laifin ramin ba. Duk titin shi kaɗai ne ke bakin aikinsa ba fashi.

Babur ɗin tsoho ne, irin na gudu, mai tanki kamar tozon bijimi, wanda mahayinsa ke rusunawa a kai kamar mai neman allura a ƙasa. Na yayana ne, Allah ya jiƙansa, kuma masu ƙera shi sun daina yin irinsa tun ina da gashi a tsakar kai. Na samu masu taimako muka turo shi gida, muka ɗora gabansa a kan bulo, daidai wurin da maiɗakina ke shanya. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce ita ba ta da faɗa da Dattijo, don haka take kiransa, amma in wata ya mutu yana kan bulon nan, da kanta za ta kirawo 'yan gwangwan su auna shi a sikeli. Matar nan kuwa ba 'yar siyasa ba ce, abin da ta faɗa shi take yi.

Bakanikena, wanda muke kira Sai Gobe saboda dalilin da kowa ya sani, ya zare sandar ƙarfen da ke ratsa tsakiyar wilin, ya kwance faifan birki, ya danƙa mini su.

“Wili ba hula ba ce, da za ka ce ta ɗan yi yawa amma za ta zauna,” in ji shi. “Duk wanda aka nuna maka, zura wannan sandar. In ta yi lilo, bar shi. In ta ƙi shiga, bar shi. Sannan ka ɗora faifan, ramukan noti su kalli juna. Kar ka saya da ido, Malam, na san ka da son ƙyalƙyali.”

Haka na shiga kasuwar kayan gyara da sanda a hannu kamar mai neman rigima. Sababbin wili kam ga su nan birjik, har da masu ruwan zinariya. Kowane mai shago sai ya rantse nasa ne daidai, kamar don Dattijo aka yi shi. In na zura sanda ta yi ƙaraurawa, sai ya ce ai ƙaramin abu ne, a cusa ɗan gwangwani ya cike. Wani ya ce mai walda zai ɗan ci gefen. Na ce masa na san inda “za a ɗan yi dabara” ke kai mutum, rami ne, a cikinsa na faɗa ranar nan.

Na dawo hannu rabbana. Maƙwabcina, tsohon direban hukuma da ya yi ritaya, ya ja ni gefe a ƙofar gida yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce a bayan wani babban ofishi akwai babura irin nawa sak, a jere, waɗanda aka sayo shekaru da dama don rakiyar wani babban baƙo. Baƙon bai zo ba, su kuma ba su tafi ko'ina ba. Ciyawa ta kai musu wuya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Surukinsa ne maigadin wurin, kuma mutum ne mai sauƙin kai, da ɗan kuɗi kaɗan zai kwanto mini wili ɗaya.

“Da harajinka aka saye su, ramin hukuma ne ya karya naka,” ya ce. “Ai wannan diyya ce, maƙwabci.”

Maganar ta zauna mini a ƙirji kwana da kwanaki. Abin da mai shi ya manta da shi, ruwa na dukansa, tsatsa na cinsa, in ka ɗauka ka yi amfani da shi, sata ka yi ko ceto? Na ce kayan jama'a ne, ni ma jama'a ne. Sai wata zuciyar ta ce to, in an raba baburan nan ga duk mai haƙƙi, rabonka ba zai wuce noti ɗaya ba, ina kai ina wili sukutum? Kuma ba don ɓarawon zaune ba, ai da na tsaye ya nemi sana'a. Ni da nake cika muku kunne kullum da zancen masu wawashe dukiyar al'umma, in na karɓa, bambancina da su girman buhu ne kawai. Na je na ce wa maƙwabci na gode, ba na so. Maiɗakina ta ce madalla da tsoron Allah, amma wata fa bai tsaya jirana ba.

Ana saura ƙiris wa'adi ya cika, Sai Gobe ya aiko cewa wani dillalin tsofaffin kaya a can ƙarshen kasuwa ya samo wani. Na garzaya. Baƙi ne wul, yana sheƙi. Sanda ta shige sumul ba lilo, ramukan faifai suka kalli juna kamar 'yan'uwan da suka daɗe ba su haɗu ba. Kuɗinsa ya ninka na surukin maƙwabci, amma na biya ina murmushi, don halal dama ba ta arha.

A gareji Sai Gobe ya jiƙa tsumma da fetur zai goge gurbin faifan. Tsumma ya yi baƙi, wili ya yi fari. Ya ƙara gogawa, sai ga hatimi ya bayyana raɗau: mallakar hukuma ne, ba na sayarwa ba. Da maƙwabci ya ji, sai da ya dafa bango don dariya. Ashe da na ƙi, sai surukin nasa ya kai wa dillalin. Na guji gara, na faɗa gidan zago, kuma na biya zagon ladan masauki.

Washegari na saɓa wilin a kafaɗa sai babban ofishi. Bayan doguwar jira a benci aka shigar da ni wurin Yallaɓai Mai Kula da Kadarori, mutum mai fara'a, sanyin ofishinsa har cikin ƙashi. Na ajiye wilin a kan kafet, na ce kayansu na kawo. Ko kallonsa bai yi ba. Ya ce ba su ɓatar da komai ba, baburansu duka lafiya lau suke, suna kan aiki, ko a watan jiya an canja musu tayoyi, kuma ana ba su mai duk mako. Ta tagar da ke bayansa kuwa ina hango su cikin ciyawa, na farkon gabansa a kan bulo, irin zaman da Dattijo ke yi a gidana.

“Ranka ya daɗe, wancan fa?”

“Yana sabis,” ya ce, bai waiwaya ba.

Sai ya sassauta murya, ya yi mini bayani irin na uba da ɗa. In ya karɓi wilin, to an yarda wani abu ya ɓata. In abu ya ɓata, sai an kafa kwamiti. Kwamiti kuwa in ya shiga ciyawar nan, ba wili kaɗai zai gano ba.

“Malam, kai da ganinka mutumin kirki ne. So kake ka raba bayin Allah da abincinsu?”

Ya sa masinja ya taya ni ɗauka har bakin ƙofa. Maigadi, wato surukin, ya buɗe mini yana sara mini da hannu biyu.

Na tsaya a bakin titi ina tunani. Na kai wa mai kaya kayansa, ya ce ba nasa ba ne, har ya ba ni ɗan dako. In akwai malamin da ya san hukuncin wannan, ina sauraro, don har yanzu raina bai gama kwanciya ba. Kafin nan dai Sai Gobe ya ɗaura wilin, kuma abin mamaki a ranar ya gama. Dattijo ya sauka daga bulo, 'yan gwangwan sun yi asarar ciniki.

Saboda haka in kun ga wani tsohon babur ya taho, ƙafar gaba fara, ta baya baƙa, ku ɗan ba da hanya, rabin tawagar hukuma ce ke wucewa. Na kuma lura tafiyar tamu ba ta saɓa tsarin da aka saba ba: ta hukumar ce ke zaɓar inda za a nufa, ta talakan ce ke ɗaukar nauyi tana turawa.