Harafi Takwas a Gidan Su Fa'iza

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a unguwar Jekadafari ba, ranar da na je nuna gwaninta a gidan su Fa'iza. Lokacin muna son juna, amma manya ba su san da maganar ba. A wurinsu ni mai gyaran kwamfuta ne kawai.

Marigayi mahaifinta ya shafe shekaru yana tattara salsalar danginsu a wata manhaja ta zamanin DOS, wato tsohon tsarin kwamfuta, tun daga kakannin da suka yi kiwo a wajen Dukku. Kwamfutarsa ta mutu, abin da ya rage sai fayiloli a filash, kuma duk sabuwar kwamfuta ta ƙi buɗe su. Na ce wa Bappa Usmanu, ƙanen marigayin, "Ai da sauƙi, Bappa. Emuleta zan saka, wato manhajar da ke sa sabuwar kwamfuta ta yi aiki kamar tsohuwa. Minti goma ya isa." (Ban taɓa saka ta ba. Bidiyo ɗaya na kalla, shi ma rabi.)

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi, dangi suka kewaye ni. Na saka manhajar, sai ga baƙin allo da wani ɗan layi yana ƙiftawa. Na rubuta, ya ce bai gane ba. Na goge na sake sakawa. Na canza saiti har sau uku. Shayin da aka kawo mini ya huce, rigata ta jiƙe sharkaf.

Sai wata dattijuwa, Goggo Adama, yayar marigayin, ta leƙo ta kafaɗata. Ni kuwa da bakina na ce, "Goggo, a ɗan matsa, abin yana da rikitarwa." (Allah Ya yafe mini.)

Ba ta yi fushi ba. Ta gyara tabarau ta ce, "Ɗana, wannan tsohon ba ya gane sunan da ya wuce harafi takwas. Wane suna ka sa wa jakar fayilolin?"

Kafin in rufe allon, ta karanta da ƙarfi, a tsanake: "Aikin... Gidan... Surukaina... Insha... Allahu."

Fa'iza ta ajiye faranti ta shige ɗaki da gudu. Bappa Usmanu ya yi gyaran murya yana kallon sama.

Goggo ta ja kwamfutar gabanta. Ashe shekara ashirin ta yi tana aikin tafireta da kwamfuta a ofishin gwamnati. Ta gajarta sunan, ta buga layi biyu ba ta ko kallon yatsunta, sai ga shuɗin allo cike da sunaye. Ta fara karantawa har ta kai kan sunan mahaifiyarsu. Bappa ya share ido da gefen rawani. Ban taɓa ganin gwaninta mai natsuwa irin wannan ba.

Da zan tafi ta raka ni zaure, ta ce a hankali, "Ka turo manyanka. Kwamfuta ba ta neman aure."

Na tura su, kuma an ba ni Fa'iza. Tun daga ranar, in na ga tsohuwa tana leƙen allona, sai in tashi in ba ta kujera.