Ranar da Aka Yi wa Kawu Lado Faci

"Ni fa ruwan da bai haɗiye jirgi ba, ba na kiransa ruwa," in ji Kawu Lado. "Ruwan alwala nake kiransa. Na shiga tekun Legas, na taka ƙasanta da ƙafata. Wani kifi mai girman a-kori-kura ya gan ni ya kauce ya ba ni hanya!"

Abokina, in ba ka san Kawu Lado ba, gode wa Allah, kunnuwanka sun huta. Ƙanin mahaifiyata ne, gajere, da tumbi kamar randa. Ya yi 'yan shekaru a Legas yana dakon dilar gwanjo, ya dawo ƙauyenmu na gefen Taba, a ƙasar Kudan, da buhu ɗaya da baki goma. Sunan da ya raɗa wa kansa shi ne Kwamandan Teku. Matan unguwa kuwa Rediyo Mai Tumbi suke ce masa.

Ga abin da ya tayar da rediyon a ranar. Yayana Yahuza ya rasu a farkon rani. Ya bar mana lambun tumatir a fadama, wanda ya dasa da hannunsa, da injin ban-ruwa da yake gogewa kamar jariri. Tun da aka kai shi makwancinsa dariya ta ƙaura daga fuskar Innarmu Sabuwa. Kullum da hantsi sai ta ɗauki tabarma ta je gindin mangwaron bakin lambu ta zauna, tana kallon tumatir, kamar tana jiran ɗaya daga cikinsu ya juyo ya ce mata sannu da gida. Ni nake ba su ruwa, ba na so ta ga ko ganye ɗaya ya yi laushi.

Sai gaɓar tafkin da muke jan ruwa ta zaftare, injin ya sulale cikin ruwa da tiyonsa, ruwa ya rufe a kansa shiru. Ga bazara ta kama, rana kamar maƙera. Tumatir suka fara sunkuyar da kai. Wurin da injin ya faɗa zurfinsa ya shanye mutum, kuma wanda ya iya iyo a gidanmu shi ne ya tafi.

"Safiyanu, share hawayenka," Kawu Lado ya ce mini. "Ka tara mutane. Yau za a ga aikin teku a tudu."

Ai kuwa mutane suka taru, har daga Likoro. Ya iso da buhunsa a ka, ya zazzage shi a gaban jama'a. Riguna uku ne baƙaƙe na masu nutso, da ya tsinta cikin wata dila, da gilashin ido mai igiyar roba.

Ya ɗaga ta farko. Sirara ce, hannu guntu, ƙafa guntuwa. "Wannan ta ruwan ɗumi ce."

"To ai namu ɗumi ne, Kawu," na ce. "Ko shayi za a dafa da shi."

"Kai, yaro, ka duba inda ta tsaya! Cinya! Ni da furfurata in fito da gwiwa waje, ga Yaya Sabuwa zaune, ga surukaina? Rigar 'yan koyo ce." Ya yar da ita can. Ka riƙe wannan, abokina. Ita kaɗai ce ta dace da tafkinmu, kuma ita aka fara kora.

Ya ɗaga ta biyu, doguwa mai kauri kamar katifa. "Wannan jiƙaƙƙiya, ta manyan ma'aikata." Ya ɗaga ta uku, mai faɗi kamar buhun taki, da safarta a haɗe, da roba a wuya da wuyan hannu. "Wannan kuma busasshiya. Ko da shaddarka ka shiga, da gugarka za ka fito. Ta ranar sarauta ce."

Mamuda mai faci, wanda ya bar rumfarsa ya zo kallo, ya ce, "Oga Kwamanda, ina tukunyar iskar da muke gani a waya suna goyawa?"

"Ta masu ƙaramin huhu ce. Ni nawa huhun biyu ne."

"Ai kowa biyu gare shi."

"Nawa manya ne!"

Ya shiga bayan rake da jiƙaƙƙiyar. Muka ji nishi. Muka ji salati. Can muka ji, "Safiyanu! Kawo man gyaɗa!" Na je na tarar ƙafa ɗaya ta shiga, tumbi ya ce shi ba inda za shi. Muka shafe shi da mai kamar za a gasa, ni da Mamuda muna ja, shi yana tsalle. Da ƙyar muka cusa shi. Zik ɗin da ya kamata ya zauna a baya ya zo gaba, domin ya ce wane mahaukaci ne zai sa maɓalli inda hannu ba ya kai. Ya fito hannuwa a sanƙame, yana tafiya kamar an ɗaure akuya a kara.

Da ya shiga ruwan nan take, da sauƙi. Ina! Sai da ya tsaya a rana ya yi jawabi kan igiyar ruwan teku. Rigar da aka ɗinka don sanyi, ga ta a bazarar Kudan. Gumi ya riƙa fita ta wuyan hannu kamar famfo. Idanu suka yi ja, jawabi ya fara haɗuwa da haki.

"Kwamanda, shiga kafin ka nuna," in ji Mamuda.

Ya shiga. Ruwa na kai masa ƙirji ya kwarma ihu. "Ta yage! Ruwa na shiga! Wallahi har cibiya!"

Daga baya na gani a waya cewa aikinta ke nan. Ɗan ruwa ya shiga tsakanin riga da fata, jiki ya ɗumama shi, shi ya sa ake ce mata jiƙaƙƙiya. Mutumin da ya faɗa mana sunan da bakinsa bai taɓa tambayar dalilin sunan ba. Na kuma ga cewa mai kaurin nan ba ta barin mutum ya nutse, sai ya ɗaura ɗamarar dalma. Mu dai a ranar ido ne ya karantar da mu. Kawu ya danna kai ƙasa, ɗuwawu ya taso sama. Ya sake dannawa, ya sake tasowa, baƙi ƙirin yana sheƙi, kamar ƙwarya a kife. Wani Bafulatani da ya kawo shanu shan ruwa ya ja su baya, ya ce bai san dabbar ba.

Aka fito da shi, aka ɓare shi kamar rogo. Na saci kallon Inna. Ba ta ma ɗago ba, idonta na kan tumatir. Rana ta karkata, ganyen sun ƙara lanƙwashewa.

"Gwaji na yi," in ji Kawu, yana tsiyaya. "Na auna ƙarfin ruwan. Yanzu a kawo busasshiya."

Wannan ba ta ba da wahala ba. Ya zura ta kan kaftaninsa, muka ja masa zik a kafaɗa. Tana da wani maɓalli a ƙirji da ake ba ta iska ta nan, da wani a damtse. Sai dabara ta faɗo wa Kwamanda.

"Mamuda, kai ne mai tambayar tukunya ko? To rigar ita ce tukunyar! Ɗauko famfonka ka cika ni. In na je ƙasa, sai in riƙa zuƙa ta wuya kaɗan kaɗan."

Mamuda ba ya ƙin aiki. Ya ɗauko famfon hannu, ya ɗaure bakinsa a maɓallin ƙirji da tsinken roba, ya fara bugu. Kawu ya fara tashi kamar ƙullin fanke. Sai muka ji wani sssss daga damtse.

Mamuda ya tsaya. Ya kara kunne. Ya lakato miyau ya shafa a wurin, miyau ya yi kumfa. Ya girgiza kai irin na wanda ya ga abin da ya saba gani.

"Oga, ka yi faci."

"To me kake jira? Liƙe!"

Abokina, wannan maɓallin shi ne ƙofar da iska ke fita in ta yi yawa. Don haka aka yi shi. Amma a garinmu duk abin da ya yi sssss taya ce, kuma taya maganinta ɗaya. Mamuda ya kankare, ya shafa gam, ya manna ƙyallen tsohon tib, ya bubbuga da dutse. Ya koma kan famfo. Yana bugu yana danna cikin Kawu da babban yatsa.

"Ta mashin kake so ko ta tirela?"

"Ta tirela!"

Da aka gama, babu wuya, babu ƙugu. Wani ƙaton tulu ne da ɗan kai a sama. Bafulatanin nan ya ara mana igiyar shanu muka ɗaura masa a tsakiya. Ya gangara ruwa yana tangaɗi, ya ɗaga wa jama'a hannu, ruwa ya ɗauke shi cak kamar gora. Ya yi ta facal-facal har ya kai saitin inda injin ya faɗa.

"Ku kalli aikin Legas!" Ya ja numfashi, ya kifa kai.

Kai na yin ƙasa, iskar duk ta gudu ƙafafu. Ƙafafun suka cika tim, suka miƙe sama, suka tsaya a kan ruwa kamar turame biyu. Kwamandan Teku ya koma tsaye a kife. Ƙafar dama na harbi, ta hagu na amsawa, kumfa na tashi.

"Wannan salon fa?" wani ya tambaya.

"Salon mutuwa ne!" Mamuda ya ce. "Ku ja!"

Muka ja. Nauyi kamar mun kama bijimin sa. Muka ƙara ja, ƙafafu suka taho, tumbi ya biyo, kai ya fito da laka har cikin gilashi, yana tari yana kiran uwarsa da ta daɗe a ƙasa. Hannuwansa biyu kuwa sun ƙanƙame wani abu baƙi mai tsawo, ya ƙi saki.

"Maciji! Na kama maciji! Ku cece ni!"

Tiyon Yahuza ne. Na gane shi da jan ƙyallen da ya ɗaura a inda ya tsage. Muka bar Kawu a laka muka kama tiyo, maza suka yi layi, sai ga hannun injin ya leƙo daga ruwa. Na rungume shi da lakarsa da komai. Bari in faɗa maka tun yanzu don hankalinka ya kwanta: makaniki ya kwance shi ya wanke, ya tashi, kuma tumatir suka sha har suka ɗago kai.

Shi kuwa Kawu, da ya ga abin da ya kamo, sai tari ya tsaya, rediyo ya kama tasha.

"Kun gani? Nutson kife ke nan! Turawa ma mutum biyu suka iya shi, ɗayan ya mutu. Na ce maciji ne don in gwada zuciyarku."

Ya doshi gindin mangwaro a kumbure don ya karɓi godiya, jama'a na biye. Ka san dai ƙani ba ya gai da yayarsa a tsaye. Ya gyara murya, ya ce, "Yaya Sabuwa, barka da..." ya tsuguna.

Iskar tirela ta rasa hanya. Damtse an liƙe, ƙafa a rufe. Sai ta nemi robar wuya.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan daga jikin ɗan Adam ba. Ta fara da kauri kamar kukan jaki, ta koma siririya kamar algaita, ta tsaya, muka ce ta ƙare, ta sake ɗaukowa. Kumatunsa na karkarwa, shanun Bafulatani suka watse cikin rake. Kawu na tsugune yana motsewa a hankali a gaban yayarsa, har ya koma ɗan mutumin da muka sani, cikin buhu mai yawa.

Inna ta ɗago ta dube shi. Gefen bakinta ya motsa. Ta kai mayafi ta rufe, kafaɗunta suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda rabon da mu ji ta tun Yahuza na shigowa gida da kwandon tumatir a ka. Ta yi har da hawaye, ni ma na juya baya na goge nawa.

Da ta samu numfashi ta ce, "Barka kadai, Lado. Allah ya yi albarka. Tun da ka dawo daga Legas, wannan ce doguwar maganarka ta farko da babu ƙarya a ciki."