Ina Tsagar Malam Issah?

"Lafiya lau, ya hanya? Kai, tsaya nan, kar ka hau mini tabarma da takalman nan masu kama da kwale-kwalen Makango."

Da Fawaz nake, jikana, mai sayar da kayan waya a Yendi. Shi na damƙa wa hoton marigayi kakansa, Malam Issah, ɗaya tilo da muke da shi, wanda damshi ya ci har fuskar ta fara ɓacewa. Ya ce akwai wani Ayyub a Bawku da ke duba hoto ya zana mutum da fensir kamar zai yi magana. Yau ya kawo mini zanen har Salaga, a cikin kwali.

"Amaryata, rufe ido."

"In rufe ido a gabanka? Ban gaji da 'yan kunnena ba. Buɗe."

Ya buɗe. Na duba, na goge ido da bakin mayafi, na sake dubawa.

"Wane ne wannan?"

"Tsohon mijinki mana, wanda na ƙwace ki a hannunsa."

"Wannan? Wannan ai ɗan bankin Tamale ne. Ina tsagarsa?"

"Wace tsaga?"

"Uku-uku a kunci, da bille a hagu! Makaho ma ya shafa ya san Malam Issah ne."

"Au, layukan nan? Ayyub ya kira ni a kansu. Na ce masa kyankyasai ne suka karce hoton, ya share."

"Kyankyasai! Wanzamin gidanku kake kira kyankyaso? Kuma kyankyason har ya iya jera layi daidai, dama da hagu?"

"Kyankyasan ɗakinki ai sun yi makaranta. Ni fa gyara na yi miki, Hajiya. Dubi fuska sumul, sak tawa."

"Shi ya sa tun ɗazu nake jin tashin zuciya."

"Ke dai faɗi gaskiya, kin ga saurayi kin rikice."

"Saurayin da gemunsa bai kai na ɗan akuya ba? Ji nan, maigidan banza. Juma'a ake sadakarsa, jikokinsa na Kumasi na tafe da 'ya'yansu, ba wanda ya taɓa ganinsa. A gidan nan ni kaɗai na rage da na san fuskarsa. Ranar da aka ɗauke ni, wannan baƙon za ku rataya ku ce shi ya haife ku?"

Ya sosa ƙeya, ya zaro tsohon hoton ya kai shi haske.

"Sai a mayar. Amma Kaka, layukan sun dushe. Ayyub ba zai gane inda suka fara da inda suka tsaya ba."

"Durƙusa."

"Na'am?"

"Durƙusa na ce. Miƙo mini tandun kwalli."

"Haba! Raihanatun da nake nema na nan maƙwabta, in ta leƙo fa?"

"Ta ga ka zama mutum."

Na kama haɓarsa. Daga gefen baki na ja layuka uku da kwallin zuwa kunne, ta tsakiya ta ɗan karkace, don Malam ya ce ranar suna ya yi ta wutsil-wutsil a hannun wanzami. Na sa billen. Sai na ga hannuna ya daɗe a kumatun yaron fiye da yadda aikin ke bukata.

"Kin gama, ko sabon aure za a ɗaura?"

"Rufe mini baki. Ɗauki kanka a wayar ka tura Bawku."

Ya ɗaga wayar, ya ƙura wa kansa ido, ya juya dama, ya juya hagu, sai ya fashe da dariya.

"Wallahi tsohon nan ya fi ni kyau. Na sakar masa ke."

Na kwance bakin zane na ɓara masa goro. Rabi na ba shi. Sauran sai Malam ya dawo daga Bawku da fuskarsa.