Allura Arba'in

"Lafiya lau, ango. Kai fa, ka kwana da rai, ko sai na taɓa ka na ji?"

"In gadon keken ɗinkin nan kike jira, ki ƙara haƙuri," in ji tsohon tela, yana laluben kujera ya tura wa jikarsa.

Shekara biyu ke nan da rasuwar matarsa, idonsa kuma ya daina ganin kafar allura. Jikar ce ke zuwa duk Asabar ta zura masa zare a allura bakwai, ta soke su a jikin matashi. Jibi kuma jirginta zai tashi, ta sami aikin jinya a wata ƙasa. Abin yana cin ranta, amma wa zai yi kuka a gaban tsoho mai bakin tsiya irin wannan?

Ta zazzage ledar allurai a kan teburin yanka. Ya shafa ya ji yawansu.

"Goma na aike ki, kin kwaso mini kasuwa."

"Arba'in ne. Da idon nan naka, rabi a ƙasa za su ƙare."

"Idon da ya zaɓo kakarki cikin mata dubu? Ke ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara."

"Ni allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka."

Ta zauna ta soma zura zare.

"To, 'yar Turanci, me suka tambaye ki a jarrabawar da ta raba mu?"

"Bambancin alone da lonely. Na farko, mutum na zaune shi kaɗai, wataƙila ma hutawa yake. Na biyu kewa ce, tana kama mutum ko a tsakiyar kasuwa. Wani sa'in su taru a kan mutum ɗaya."

"Ni na farkon ne. Tafi in huta da surutu."

"Kai da nake tararwa kana yi wa keke hira?"

"Ya fi ki ladabi. Ke dai ki sani, kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Ta soke wata allurar a jikin matashi. Allura arba'in ko wata biyu ba za su kai shi ba, ita kuwa shekara uku za ta yi.

Sai ya jawo wata riga mai kauri daga ƙarƙashin tebur.

"Ungo, an ce can akwai sanyi." Ya yi 'yar dariya. "Kin ci, amarya. Tun da aka fita da kakarki duka biyun nake, in ban da ranar Asabar."

Ta sa rigar, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta ɗauki wata allurar ta kai zare, amma ita ma yanzu ba ta ganin kafar.