Lemon Da Kiyashi Suka Ƙi

Jiya da hantsi na yi tuntuɓe da butar Inna, mahaifiyata, na ɓarar da rabin kwalbar lemonta a tsakar ɗaki. Maiɗakina ta tafi kasuwa, ni kuma ba ma shiri da tsumma, sai na ce bari ta dawo. Ku sani, a gidanmu kiyashi ne masu gida, mu 'yan haya ne. Ƙwayar sukari ɗaya in ta faɗi, kafin ka sunkuya sun aika wa dangi na nesa. Amma lemon nan ya fi awa biyu kwance. Ina kallo jerin kiyashi ya iso, na gaba ya sunsuna, ya yi kwana, sauran suka bi bayansa. Haka suka zagaye shi kamar yadda mai farar riga ke zagaye kwata.

Da farko dariya na yi, daga baya gabana ya faɗi. Shekara biyu ke nan da likita ya ce Inna na da ciwon sukari, ya raba ta da shayinta mai zaƙi. Tun daga ranar, duk ɗan uwan da zai zo gaishe ta sai ya ɗauko katan na lemon nan da aka rubuta wa "babu sukari". Dangi sun mai da shi magani. Uku take sha kullum, ruwa kuwa sai in za ta haɗiyi ƙwaya.

Na juya kwalbar in ga abin da ke kawo zaƙin tunda ba sukari. Rubutun ya fi ƙarfin idona, sai na kai wa Tela maƙwabcina, mai tabarau ɗin da yake zura zare a allura da shi.

"Maƙwabci, ai wannan lambar mota ce," in ji shi. "Harafi ɗaya, lamba uku. Lambar mota kuke ba tsohuwa?"

"An ce abin zaƙi ne na kimiyya."

"To ka tambayi masu sani mana, hukumar duba abin ci da sha. Ba an gina musu ofis ba?"

An gina kuwa, bene hawa huɗu, har da furanni. Na sa sabuwar kwalba a leda na tafi. Bayan na zauna a benci har ƙafata ta mutu, aka shigar da ni gaban Mai Girma Sarkin Leƙa Kwalba, Garkuwan Hanjin Talakawa, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Kalandar da ke bayansa ta kamfanin lemon ce, firjin da ke gefensa ma haka. Ƙila dai launin ne ya dace da labulen.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya na kawo. Tsohuwa mai ciwon sukari, kwalba uku kullum. Ta ci gaba ko ta daina?"

"An kafa kwamiti," ya ce.

"Yaushe, ranka ya daɗe?"

"Shekara huɗu ke nan. Sun zaga ƙasashe shida sun ga yadda ake shan lemo. Rahoto ya kammala, saura a zaɓi launin bangon littafin."

"Kafin a zaɓa fa?"

"A sha daidai misali."

"Misalin kwalba nawa ne?"

"Wannan aikin ƙaramin kwamiti ne."

Sai na ciro kwalbar na buɗe, na miƙa masa da hannu biyu, na ce ko zai jiƙa maƙoshi. Bawan Allah ya ja kujera baya har ta daki bango.

"A'a, malam, likitana ya hana ni irin waɗannan. Ni lemon itace ake matsa min da safe."

Kun ga shugaba mai kishin jama'a. Ya haƙura da rabonsa kacokan, ya bar mana mu shanye.

Kada wani ya ce na ce guba ce. Ban sani ba, kuma rashin sanin ne ke ci mini rai. Ƙila lafiya lau ne. Amma wanda aka ɗora a kujera don ya sani, ya san abin da zai tsare nasa cikin, namu kuma yana jiran launin bango.

Da na koma gida na kwashe labari na faɗa wa Inna. Ba ta bi ta kan kwamiti ba.

"Ɗan nan, shi mai ofishin ya sha?"

"Bai sha ba, Inna."

"Kiyashi fa?"

"Ba su sha ba."

"To ni ce sakarar garin?" Ta tura kwalbar gefe, ta ce a ba ta ruwa. Ta kurɓa, sannan ta ce, "Lemon nan kaɗai ne zaƙin da ya rage mini a baki."

Wallahi maganar nan ta sosa mini zuciya.

Shawarata ga manya, a ba kiyashin nan na gaba shugabancin kwamiti, tunda shi ya fitar da sakamako a sunsuna ɗaya, bai hau jirgi ba. Inna dai ta ce a tura mata katan ɗin ƙarƙashin gado har rahoto ya fito. Shekarunta saba'in da takwas, don haka in masu zaɓen launi suna karanta jarida, kowane launi ma ya yi mana.