Ta'aziyyar Janar Rumfa

Duk garin nan babu wanda yaƙi ya taɓa kamar Shugaban Kwamitin Tunawa da Mazan Jiya. Gaskiya ne bai je ba. Lokacin da ake yi yana ofishin ajiyar kayan hukuma, shi ke ba da aron kujeru da rumfuna, shi ya sa muke ce masa Janar Rumfa in ya ba da baya. Amma ya saurari yaƙin a rediyo daga farko har ƙarshe, bai taɓa barin batir ya mutu ba, kuma ya ce wannan ma fagen fama ne. Tsayuwarsa ta soja ce, sai dai tumbin kan riga ƙirjin fitowa fareti. Ranar da taya ta fashe a bakin ofis, shi ne na farko a ƙarƙashin tebur. Da ya fito ya karkaɗe gwiwa, ya bayyana wa ma'aikata cewa darasin neman mafaka ya ba su kyauta.

Da hukuma ta ware kuɗin gina dutsen tunawa, gari ya rabu biyu. Direbobi da masu shayi suka ce a gyara rufin asibiti, tun da matattu ruwan sama ba ya dukansu. Janar ya tara mu a dandali, ya gyara murya sau uku.

"Jama'a," in ji shi, "na yi nazari mai zurfi a kan wannan. Asibiti na mai rai ne. Mai rai kuwa yana da baki, zai nemi nasa. Su waɗannan bayin Allah ba su da kowa sai ni."

Ina cikin waɗanda suka tafa masa, kuma ba don daɗin maganar ba. Ni tela ne. Aminina direban tankar ruwa ne a soja. Benci ɗaya muka zauna tun ajin farko, kuma ko bayan ya sa kaki, in ya zo hutu a shagona yake baccin rana, a kan buhun ƙyallaye, takalmansa a bakin ƙofa suna korar mini masu kawo ɗinki. Wata rana ya tafi kai ruwa bakin daga, tankar ba ta dawo ba, shi ma bai dawo ba. Ba a kawo mana komai ba, ko hularsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan mahaifiyarsa, Inna, wadda idonta ya yi rauni, tana tambayata inda za ta tsaya ta ce nan ɗanta yake. Da na gaya mata za a rubuta sunayensu a dutse, sai ta kama hannuna.

"Ɗan nan, ni ban iya karatu ba, gani ma ya gagara. Kai za ka ɗora hannuna a kan sunansa."

Na ce zan ɗora.

Kwamiti ya yi wata tara yana aiki ba ji ba gani. Sun je birane uku don su ga yadda wasu suke tunawa, suka dawo da jakunkuna sababbi. Sun yi kwana uku suna gwajin shirun minti ɗaya, ba su taɓa kai ƙarshensa ba, domin kullum Janar yakan tuna da wani gyara a tsakiya. Sai aka ga bai kamata a tuna da sojoji cikin kayan gida ba, aka ba ni ɗinkin rigunan kwamiti. Ta Janar ce kaɗai mai igiya a kafaɗa. Da na zo awon ƙugu ya haɗiye ciki har idonsa ya yi ja, ya ce in rubuta abin da na gani. Na rubuta, na ƙara inci huɗu a zuciyata.

Ina durƙushe ina awon ƙafa na ce, "Ranka ya daɗe, sunan aminina yana ciki ko? Direban tanka."

"Tela," in ji shi, yana kallon kansa a madubi, "ni ba na barin sojana a baya."

Ranar buɗewa rumfuna sun yi kyau, wannan kam babu mai ƙwace masa. Na zaunar da Inna a layin gaba, ta sa mayafinta na fita. Janar ya yi jawabin awa ɗaya da kwata. Ya faɗi yadda barci ya ƙaurace masa, yadda ya zaɓi launin dutsen da kansa, yadda likita ya ce ya huta ya ƙi. Sojojin ma sun samu shiga wajen ƙarshe. Da aka zo shirun minti ɗaya kowa ya sunkuyar da kai, har tsuntsaye suka ba da haɗin kai. Ba a yi rabi ba sai muka ji lasifika ta yi ƙara da muryar Janar.

"Kun ji yadda shirun nan ya zauna? Ni na tsara shi."

Sannan aka janye ƙyallen da ya rufe dutsen.

A tsakiya, daidai ƙirjin mutum, inda mai hoto ba zai sha wahala ba, sunan Janar ne da ruwan zinariya, kowane harafi kamar tafin hannu. Akwai sunan mahaifinsa da na kakansa, da muƙamai huɗu, biyu daga ciki shi ya naɗa kansa. Sunayen sojoji sun kewaye shi ƙanana ƙanana, kamar tururuwa sun sami ƙwayar sukari. An jera su bisa girma, hafsoshi a sama, kurata a ƙasa. Na bi da yatsa har na durƙusa. Na sake bi. A can gindi, inda ƙura ke taruwa, aka rubuta: da sauransu.

Masassaƙin da ya yi aikin yana gefe da hannu a aljihu. Ya raɗa mini cewa tun farko ya faɗa dutsen ba zai ɗauki Janar da yaƙin gaba ɗaya ba, aka ce ya rage daga ƙasa. Mutum bakwai aka rage: masu dafa abinci biyu, masu ɗaukar raunana uku, makanike ɗaya, da aminina.

Ina durƙushe ina neman abin da zan ce, ashe Inna ba ta jira ni ba. Ta taso da sandarta, ta miƙa hannu, hannun ya sauka a kan manyan haruffan nan.

"Allah sarki," in ji ta. "Ji zurfinsa. Ashe sun san darajarsa."

Makirufo yana kusa da bakinta. Ta fara addu'a, dandali duka yana ji. Allah ya jiƙan mai wannan suna, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Jama'a suka amsa da amin. Wanda ya fi kowa ɗaga murya Janar ne, hannu a ƙirji, fuska wajen mai hoto.

Sai a hanyar gida na iya gaya mata gaskiya. 

"To, addu'ar ba ta ɓata ba," in ji ta. "Shi ma wata rana zai nema. Amma alkawarinka yana nan, ɗan nan."

Washegari na je ofishinsa. Na tarar da matar makaniken da ƙanen wani mai dafa abinci sun riga ni. Janar ya karɓe mu a tsaye, don kada mu zauna.

"Dutse ba riga ba ne, tela, balle a farke a sake. Mutanenku suna cikin da sauransu. Wuri ne mai faɗi, ba a matse kowa ba."

Don ya toshe bakin irinmu, a ranar ya rubuta wa ma'aikatar da ke babban birni takarda. Ya ce duk sunan da ke jikin dutsen nan shi da kansa ya tantance, mai shi ya kwanta dama a fagen fama, kuma daga yau dutsen shi ne rajista, babu ƙari babu ragi. Ya buga hatimi biyu, ya karanta mana da ƙarfi, ya ce mu gaida gida.

A ma'aikatar akwai wani akawu mai biyayya, wanda bai taɓa ganin Janar ba. Ya karɓi takarda, ya karɓi hoton dutse, ya kwafe sunaye cikin littafin mamata. Da yake mutum ne mai ladabi, ya fara da mafi girma.

Bayan mako biyu matar Janar ta samu wasiƙar ta'aziyya da tuta a naɗe. Aka ɗaga mataimakinsa, wanda ya yi wata tara yana riƙe masa jaka, ya zama shugaban riƙo. Jarida ta buga hoton Inna da hannunta a kan sunan, ta ce uwa ce take bankwana da jarumin ɗanta. Dangi na nesa suka cika mota biyu suka zo gaisuwa, Janar da kansa ya buɗe musu ƙofa, da ɗan tawul a wuya. Gwaggonsa ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai kuma me kake yi a nan? Tun asuba muke hanya."

An ce matar Janar ta ƙi mayar da tutar. Ta ce shekara talatin tana aure, wannan ne karo na farko da aka ba ta wani abu saboda shi.

Janar ya sa rigar da na ɗinka masa, ya tafi ma'aikata a fusace. Akawun ya miƙe ya ba shi kujera.

"Ranka ya daɗe, ni ban ce ba ka da rai ba, ga ka ina gani. Amma takarda ta ce babu ragi. Sai Shugaban Kwamiti ya warware."

"Ni ne Shugaban Kwamiti."

"Shugaban ya rasu, ranka ya daɗe. An ce mutumin kirki ne."

Dole ya dawo wurin mai riƙe masa jaka. Shi kuwa ya bar shi a benci awa biyu, sannan ya ce abin yana buƙatar nazari mai zurfi. Bayan mako guda nazari ya nuna cewa tun da dutse ne rajista, hanyar dawowa duniya ɗaya ce: a kankare sunan.

Janar ya tsaya a kan masassaƙi ranar da ake aikin. Kowane bugun guduma sai ya runtse ido. Ya roƙi a bar masa ko muƙami ɗaya, na tarihi. Masassaƙin ya ce in ya bari, muƙamin zai ci gaba da zama mamaci, sai ya zaɓa. Da wurin ya yi fili, shugaban riƙo, wanda yake son a ce ya fara da abin kirki, ya ce a cike shi da mutum bakwai ɗin nan.

Na kai Inna da hantsi, ranar wata Talata. Babu rumfa, babu lasifika, sai mai shara yana aikinsa. Na ɗauki hannunta na ɗora. Ba ta ko sunkuya ba, sunan yana daidai ƙirjinta. Ta bi shi harafi harafi da yatsa, ta koma farko ta sake bi, kamar yadda take shafa kansa in ya dawo daga aski.

"Waɗannan haruffan ƙanana ne," in ji ta. "Shi ne. Dama shi ba mai cika wuri ba ne."

Na juya na yi kamar ina duba ɗinkin hannun rigata.

Direbobi har yanzu suna tsokanata, wai tela, kuɗin nan ya yi amfani kuwa? Nakan ce na kwana ɗaya ya yi, na ranar guduma. Sauran ku tambayi masu jakunkuna.

Shi kuwa Janar ya dawo da rai a hukumance, kuma bai rage komai ba. Yanzu yana zagaya gari yana cewa shi ya sadaukar da wurinsa don ƙananan sojoji, kuma a duba girman sadaukarwar. Mun je mun duba tare da masassaƙi, ya auna da tsinken awonsa. Inda Janar ya tashi shi kaɗai, mutum bakwai sun shiga sun miƙe ƙafa, har da sauran wurin mutum biyu.